Memori Ya Ƙi Buɗewa A Kwamfuta? Dakata, Kada Ka Yi Masa Fomatin Tukuna

A unguwanni irin su Badarawa, Malali da Unguwar Dosa, har gobe memori yana nan da ransa. Kuɗin data ba wasa ba ne, shi ya sa mutane da yawa suke kai katinsu wajen masu turi a zuba musu fina-finan Kannywood, fassarar Indiya-Hausa, karatun Alƙur'ani da tafsirin azumi. A cikin wannan ɗan ƙanƙanin abu da bai wuce farcen yatsa ba kuma ake tara hotunan biki da na suna, muryar iyayen da suka riga mu gidan gaskiya, da furojet ɗin ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna ko na Kaduna Poli. Sai ranar da aka zare shi aka sa a kwamfuta, a ji shiru. Ko kuma wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar yana cewa sai an yi wa katin fomatin kafin a iya amfani da shi.

A nan mutane suke rabuwa gida biyu. Wasu su danna amincewa, su goge hanyar da za a bi a kai ga kayansu. Wasu su ce ai memorin ya mutu, su jefar. Alhali sau da yawa hotunan suna nan daram a ciki, hanyar isa gare su ce kawai ta toshe. Idan ka fahimci yadda kwamfuta take buɗe kati, za ka iya gano inda matsalar take da kanka, ka kuma san lokacin da ya kamata ka haƙura ka nemi ƙwararre.

Kafin komai, riƙe wannan doka: matuƙar akwai abin da kake so a cikin katin, kada ka yi masa fomatin, kada ka tura masa sabon abu, kada ka mayar da shi kyamara ka ci gaba da ɗaukar hoto. Dalilin zai fito fili nan gaba kaɗan.

Me ke cikin memori?

Katin SD ya fito ne a 1999, haɗin gwiwar kamfanonin SanDisk, Panasonic da Toshiba. Ƙaramin da muke sa wa a waya, wato microSD, ya biyo baya wajen 2005. Fasahar da ke ƙarƙashinsu kuwa ta girme su, domin wani injiniya ɗan Japan mai suna Fujio Masuoka ne ya ƙirƙiro ta a kamfanin Toshiba cikin shekarun 1980.

Abu biyu ne a cikin kowane kati. Na farko shi ne ma'ajiya: biliyoyin ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, kowanne yana iya tsare ɗan cajin lantarki a cikinsa ko da babu wuta. Yawan cajin da ke ɗaki shi ake karantawa a matsayin 0 ko 1, kuma daga waɗannan lambobi biyu ake gina hoto, waƙa da bidiyo. Na biyu shi ne wata 'yar ƙwaƙwalwa da ake kira kwanturola. Ita ce mai gadin ma'ajiyar. Kwamfuta ba ta taɓa shiga ɗakunan da kanta, sai dai ta aiki kwanturola ta kawo mata ko ta ajiye mata. Ita kwanturola ce ke faɗa wa kwamfuta sunan katin da girmansa, ita ce kuma ke rarraba rubutu don kada wasu ɗakuna su gaji kafin wasu, saboda kowane ɗaki yana da iyakar sau nawa za a goge shi a sake rubutawa.

Akwai abu na uku da ba a taɓa shi da hannu, wato tsarin fayil. Ka ɗauki misalin mai karɓar saƙo a tashar Kawo. Shagonsa cike yake da buhuna da kwalaye, yana kuma da littafi da yake rubuta wane kaya na wane ne, kuma a wace kusurwa aka ajiye shi. Idan ruwan sama ya jiƙa littafin, kayan ba su je ko'ina ba, amma duk wanda ya zo karɓar saƙonsa sai an sha wahala. Tsarin fayil shi ne wannan littafi. Yana zaune a farkon katin, yana ɗauke da sunayen fayiloli da foldodi da wurin da kowanne ya fara da inda ya ƙare. Fomatin na gaggawa yaga tsohon littafi ne a kawo sabo fari fat. Kayan suna nan, amma yanzu littafi ya ce shago fanko ne, don haka duk sabon abin da ka tura za a ɗora shi ne a kan tsohon kaya. Wanda aka rubuta wani abu a kansa kuwa ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi.

Matakai uku kafin kati ya buɗe

Duk sanda ka sa memori a kwamfuta, abu uku ne suke faruwa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Na ɗaya, ƙarafan jikin katin su haɗu da na rida, wuta ta shiga, kimanin bolt 3.3. Na biyu, kwanturola ta farka ta gabatar da kanta, ta ce ga ni, girmana kaza. Na uku, kwamfuta ta buɗe littafin nan ta karanta, idan ta gane rubutun sai ta ba katin harafi, kamar E: ko F:, ya bayyana a cikin jerin ma'ajiyoyinta. Wannan mataki na ƙarshe shi ne abin da muke nufi idan muka ce kati ya hau ko ya buɗe.

Saboda haka kalmar "ya ƙi buɗewa" ta ƙunshi cututtuka daban-daban, kuma maganin wata ba ya yi wa wata. Aikinka shi ne ka gano a wane mataki tafiyar ta tsaya. A bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Mataki na farko: fara zargin rida da adafta

Kafin ka yanke wa katin hukunci, ka binciki abin da ke tsakaninsa da kwamfuta. 'Yar ridar nan mai araha da ake sayarwa a tebur, da adaftar roba da ake zura ƙaramin kati a cikinta don ya zama babba, su suka fi saurin lalacewa. Ita adafta ba ta da wata ƙwaƙwalwa, siraran ƙarafa ne kawai a ciki da suke miƙa haɗi daga ƙaramin kati zuwa babbar kafa. Ɗaya ya lanƙwashe, magana ta ƙare.

Gwajin a nan mai sauƙi ne, amma ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda. Sa wani katin da ka tabbata lafiyarsa ƙalau a cikin ridar. Idan shi ma ya ƙi, to rida ce ko kafar USB, katinka ba shi da laifi. Sauya kafa. Idan kwamfutar tebur ce, gwada kafofin baya, domin su a manne suke da babban allon kwamfutar, na gaba kuwa ta waya aka jawo su, kuma sukan saki. Cire duk wani abin rarraba kafa da ka jona wa na'urori da yawa, don wutar na iya yin kaɗan. Bayan haka ka gwada katinka a wata rida, ko a wata kwamfutar.

Duba ƙarafan katin masu ruwan zinare a wuri mai haske. Babban kati na yau da kullum yana da guda 9, ƙarami yana da 8. Mu da ke Kaduna mun san abin da ƙurar hunturu take yi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana shiga ko'ina, har ramin katin laftof. Da damina kuma laima da gumin aljihu suna sa ƙarafan su dushe. Goge su a hankali da ƙyalle mai laushi busasshe. In dattin ya kama, ɗiga ɗan sifirit a auduga ka goge, ka bari ya bushe sarai. Kada ka lasa da harshe kamar yadda wasu suke yi, yawu yana da gishiri, tsatsa yake jawowa. Kada kuma ka kankare da reza ko allura, rufin zinaren siriri ne ƙwarai.

Akwai kuma batun shekaru. Katunan farko ba su wuce GB 2 ba. A 2006 aka fito da SDHC mai kaiwa GB 32, a 2009 kuma SDXC mai farawa daga sama da GB 32 har zuwa TB 2. Yadda ake kiran adireshin ɗakuna a SDHC ya bambanta da na katunan farko, don haka ridar da aka ƙera kafin zuwansa ba ta jin yarensa ko kaɗan. Idan tsohuwar laftof ce ta gwanjo, ramin katinta na iya karanta ƙaramin kati ya ƙi babba. Sabuwar ridar USB ita ce maganin wannan.

Ɗan maɓallin da ke gefen babban kati ko adafta, mai rubutun Lock, ba ya hana kati buɗewa. Rubutu kawai yake hanawa, kuma ba a haɗe yake da komai a cikin katin ba, rida ce take taɓa shi ta gane matsayinsa. A halin da kake ciki ma amfani zai yi maka: ja shi ƙasa ka kulle kafin ka ci gaba da bincike, don kada kwamfuta ta rubuta wani abu ba da saninka ba.

Wata dabara kuma: mayar da katin cikin wayar da aka ciro shi. Idan ta karanta, jona wayar da kwamfuta da waya mai ɗaukar data, ka zaɓi tura fayil, ka kwashe kayanka ta nan. Idan wayar ta nemi ka yi fomatin, ka ƙi.

Mataki na biyu: tambayi kwamfutar abin da take gani

Rashin ganin kati a cikin This PC ba ya nufin kwamfuta ba ta gan shi ba. Akwai wurin da take faɗar gaskiya. A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta diskmgmt.msc, ka danna Enter. Shafin Disk Management zai buɗe, da jerin duk ma'ajiyoyin da ke jone. Mai Mac ya buɗe Disk Utility, mai Linux ya rubuta lsblk. Zare katin ka mayar kana kallo, don ka gane wane layi ne nasa. A kula sosai a wannan shafi, domin babban faifan kwamfutarka ma yana ciki, kuma kuskuren dannawa na iya shafe shi.

Abin da ka gani a nan shi zai nuna maka hanya.

Idan babu abin da ya motsa ko kaɗan, kwamfutar ba ta ga ridar ba ma. Buɗe Device Manager ka duba ko akwai alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a gaban wata na'ura. In akwai, direbanta ne ya samu matsala, wato 'yar manhajar da ke fassara tsakanin Windows da na'urar. Wannan ya fi faruwa da ramin katin da ke jikin laftof bayan an sake zuba mata Windows. Cire direban ka sake kunna kwamfutar, ko ka sauko da nasa daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin.

Idan ka ga an rubuta No Media, an ga rida amma kati bai amsa ba. Ko dai haɗin ƙarafa ne, ko kwanturola ta mutu. Idan rida biyu ko uku masu lafiya duk sun faɗi haka, alamar ba ta da kyau.

Idan kati ya fito amma da girman da ba nasa ba, misali mai GB 32 yana nuna 'yan megabait kaɗan ko sifili, wannan ma alamar kwanturola ce ta kasa isa ga ma'ajiyarta. Sai dai kada ka rikita wannan da ragin da aka saba gani. Kati mai GB 32 yakan nuna kusan 29.8, mai GB 64 kusan 59.6, wani lokaci ƙasa da haka kaɗan. Ba cuta ba ce, lissafi ne ya bambanta: kamfani yana ƙirga gigabait ɗaya a matsayin bait biliyan 1 cif, Windows kuwa tana ƙirga 1,073,741,824.

Idan kuwa kati ya fito da girmansa daidai, to ka yi hamdala. Wuta ta shiga, kwanturola na raye. Matsalar tana mataki na uku, kuma a nan ne aka fi samun nasara.

Mataki na uku: littafin ne ya samu matsala

Mafi sauƙi shi ne ka ga an rubuta FAT32 ko exFAT, ga kalmar Healthy, amma babu harafi a gabansa. Windows ce ta kasa ba shi suna, wataƙila harafin da ta saba ba shi wata na'ura ta riga ta ɗauka. Danna shi da maɓallin dama na linzami, zaɓi Change Drive Letter and Paths, ka ba shi harafin da babu mai shi. Nan take zai bayyana, kuma wannan ba ya taɓa kayanka.

Na biyu shi ne bambancin yare. Katunan SDHC suna zuwa da tsarin FAT32, na SDXC kuma da exFAT, wanda Microsoft ta fito da shi a 2006. FAT32 kusan kowace na'ura tana jin sa, sai dai ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai GB 4. Shi exFAT ba shi da wannan takura, amma tsofaffin na'urori ba su san shi ba. Windows XP sai an ƙara mata wani gyara take karanta shi, Linux kuma sai a 2019 ya fara shiga cikin ƙwaryarta. Haka rediyon mota da ƙananan sifikun MP3 da yawa FAT32 kaɗai suka iya. Na'urar da ba ta gane rubutun littafin ba sai ta ce kati ya lalace, alhali lafiyarsa lau. Gwada shi a kwamfuta ta zamani kafin ka yarda.

Na uku shi ne wanda ya fi cin mutane, kuma ya shafi masu Android. Tun daga Android 6.0 da ta fito a 2015, wayoyi da yawa sukan tambaye ka idan ka sa sabon kati: a matsayin ma'ajiyar tafi-da-gidanka za ka yi amfani da shi, ko a haɗe shi da ma'ajiyar cikin waya? Idan ka zaɓi na biyu, wayar za ta sauya masa tsari ta kuma kulle duk abin da ke ciki da makullin sirri, makullin kuma yana cikin wayar. Wasu wayoyin, irin na Samsung, suna da wani zaɓi daban na kulle kati wanda sakamakonsa kusan ɗaya ne. Irin wannan kati babu kwamfutar da za ta karanta shi, babu wata wayar da za ta buɗe shi, ko da iri ɗaya ce da taka. Hanya ɗaya ce: mayar da shi cikin wayarsa ka kwashe ta kebul. Abin lura a nan babba ne. Idan aka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, ko mai gyara ya yi mata filashin, makullin ya ɓace, kayan katin sun zama tarkacen lambobi har abada. Don haka kafin ka miƙa wayarka ga mai gyara, ka kwashe abin da ke katin tukuna.

Na huɗu shi ne ka ga an rubuta RAW ko Unallocated. Wannan shi ne jiƙaƙƙen littafin mai karɓar saƙo. Yawanci yana faruwa ne idan an zare kati ana tsakiyar rubutu, ko batirin kyamara ya mutu tana ajiye bidiyo, ko an ɗauke wuta ana cikin turi a kwamfutar tebur da ba ta da batirin ko-ta-kwana. Ajiye fayil ba aiki ɗaya ba ne: a zuba kayan, sannan a gyara littafi a wuri fiye da ɗaya. Wuta ta yanke a tsakani, sai shafukan littafin su saɓa wa juna, kwamfuta ta rasa wanda za ta gaskata, ta ce a yi fomatin.

Yadda ake ceto kaya

Ga kati mai RAW, a fara ceto kafin gyara. Akwai manhajoji biyu na kyauta da wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya rubuta, TestDisk da PhotoRec, kuma tare suke zuwa. TestDisk yana ƙoƙarin gano ɓataccen littafin, idan ya samu sai ya nuna maka foldodinka da sunayensu ka kwafe. PhotoRec kuwa ba ruwansa da littafi. Shiga shagon yake yi yana buɗe buhu ɗaya bayan ɗaya. Kowane irin fayil yana da tambarin da yake farawa da shi, misali duk hoton JPEG yana farawa da lambobin FF D8 FF, to da ya ci karo da tambari sai ya kwaso abin da ya biyo baya. Shi ya sa yake dawo da hotuna amma ba da sunayensu na asali ba, ba kuma cikin foldodinsu ba. Hotuna sun fi dawowa lafiya. Dogon bidiyo da aka ajiye gutsure-gutsure a wurare daban-daban yakan dawo a karye.

Sharaɗi biyu ne. Ka sa manhajar a kwamfuta, ba a kan katin ba. Kuma abin da aka ceto a ajiye shi a kwamfuta ko wani faifan daban. Wanda ya ajiye a kan katin da yake ceto yana taka kayan da bai kai ga ɗauka ba.

Idan katin yana ɗaukewa yana dawowa, ko karatu yana tsayawa, alama ce yana gab da mutuwa, kuma kowane karatu na iya zama na ƙarshe. Abin da masana suke yi shi ne su ɗauki kwafin katin gaba ɗayansa, ɗaki bayan ɗaki, zuwa fayil guda a kwamfuta, da manhaja irin ddrescue ta Linux, sannan su yi aikin ceto a kan kwafin. Kana buƙatar fili a kwamfuta da ya kai girman katin duka.

Za ka ga ana yawan ba da shawarar umarnin chkdsk. Yana da amfaninsa, amma ka san halinsa: rubutu yake yi a kan katin, burinsa littafi ya daidaita, ko da hakan na nufin yanke fayilolin da bai gane ba ya tara su a wata folda mai suna FOUND.000. A kan kati mai RAW ma ba ya aiki sam. Bar shi sai bayan ka kwashe kayanka.

Kati ya buɗe amma babu komai

Wannan ciwon masu yawo da kati daga kwamfuta zuwa kwamfuta ne, shagon turi, shagon buga takardu, kafe. Kati ya hau, ya nuna a cike yake, amma foldodi sun ɓace ko sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya a gindi. Bairos ne ya ɓoye foldodin na gaskiya ya ajiye na bogi, don ka danna ya shiga kwamfutarka. Kada ka danna ko ɗaya. Fara bincike katin da manhajar kashe bairos. Sannan ka buɗe Command Prompt, idan harafin katin E ne ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna Enter. Umarnin yana cire alamar ɓoyo daga fayiloli da foldodi, sai su dawo fili. Ka tabbata harafin katin ka sa, ba na faifan kwamfuta ba.

Jabun kati

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Akwai katunan da ake sauya wa kwanturola bayani ta riƙa ƙarya. Ma'ajiyar ciki GB 8 ce, misali, amma jikin katin da kwamfuta duk suna cewa 128. Da farko komai lafiya. Ranar da kayanka suka wuce girman gaskiya, sabon abin da ka tura ko dai ya faɗa rami, ko ya zagayo ya hau kan na farko, wani lokaci har kan littafin kansa. Alamarsa ita ce tsofaffin hotuna suna buɗewa sababbi ba sa buɗewa, ko sunayen foldodi su koma wasu baƙaƙe marasa ma'ana. Abin da ya faɗa ramin ba a taɓa ajiye shi ba balle a ceto shi.

Ko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ka saya, ko a shagunan titin Ahmadu Bello, ko ta intanet, kwali da tambari ba hujja ba ne, shi kansa mai shagon wataƙila bai san abin da aka kawo masa ba. Hujja ita ce gwaji. Manhajar H2testw a Windows, ko F3 a Linux da Mac, tana cika katin da bayanai tun daga farko har ƙarshe sannan ta karanta ta ga nawa ne suka dawo daidai. Yi wannan ranar da ka saya, katin yana fanko, ka kuma yi magana da mai shago tun kafin ka biya cewa za ka dawo da shi in ya faɗi gwaji.

Yaushe za a haƙura?

Idan katin ya tsage ko ya lanƙwashe, ko yana zafi sosai da zarar an sa shi, ko rida uku sun ce No Media, manhaja ba ta da abin yi, domin duk manhaja ta bakin kwanturola take magana. Ƙaramin kati kuma curi guda ne, an narkar da kwanturola da ma'ajiya cikin roba ɗaya. Masu ceto na musamman sukan kankare bayansa su jona siraran wayoyi kai tsaye da ma'ajiyar a ƙarƙashin madubin ƙara girma, aiki ne mai tsada da ba kowane mai gyaran waya ke da kayansa ba. Idan abin da ke ciki ya kai a kashe masa kuɗi, daina gwaje-gwaje, ka nannaɗe katin ka adana. Ka kuma tuna duk wanda ka ba katinka ya ceto, zai ga duk abin da ke ciki, har wanda ka goge da daɗewa. A zaɓi mai amana, in da hali a yi aikin a gabanka.

Wani kati kuma yana buɗewa, ana kwafa daga cikinsa, amma ba ya karɓar sabo, abin da ka goge ma sai ya dawo. Kwanturola ce ta ga ɗakuna sun gaji ta kulle rubutu don ta tsare abin da ya rage. Gargaɗi ne. Kwashe kayanka yau, ka sayi wani.

Bayan an ceto

Sai ka buɗe hotunan da ka kwafe ka tabbata suna buɗewa, sannan ka yi fomatin. Ya fi kyau a yi shi a cikin wayar ko kyamarar da za ta yi amfani da katin, ko da manhajar SD Memory Card Formatter ta ƙungiyar da ke kula da ƙa'idar katunan SD. Bayan nan ka gwada shi da H2testw. Idan ya nuna kuskure ko guda, ko ya sake rikicewa cikin 'yan makonni, kada ka sake ba shi amanar abin da ba ka da kwafinsa.

Sauran kuwa ɗabi'a ce. Ka riƙa danna Eject kafin ka zare kati daga kwamfuta, ka kashe waya ko kyamara kafin ka ciro shi. Kada ka ɗauki bidiyo batiri yana ja. Kada ka bar kati a gaban mota cikin zafin Maris da Afrilu, domin zafi yana sa cajin da ke ɗakunan nan ya riƙa zurarewa da sauri, kuma katin da aka jefa a durowa shekara da shekaru ba a sa masa wuta ba shi ma yana iya rasa wani abu. Ware katin turi daban, na hotunan iyali daban. Abin da duk ba za ka iya jure rashinsa ba, ya kasance yana wuri biyu aƙalla: kwafi a laftof ko filas, wani kuma a Google Drive ko wurin ɗan'uwa. Ɗalibin da ke rubuta furojet ya riƙa tura wa kansa babin da ya gama ta imel duk mako, fayil ɗin rubutu ba ya cin data mai yawa.